Rumfar mota da ruwan damina: amsa ga ƙanena mai yawon kasuwanni

Salamu alaikum ƙanena, na ga tambayarka, kace ka sayo tsohuwar mota mai ɗaki a ciki daga Kotonu, irin wadda turawa ke yawon hutu da ita, tazo da rumfa a gefe wadda ake murɗawa da manibel ta fito, kai kuma kana kai atamfa da shadda kasuwannin Mirya da Matamai da Magarya da ita, shine kake so ka sani ko zaka iya barinta a buɗe in ruwa ya sauko dan kaya su tsira masu saye su fake, sannan kace ruwa na ɗiga tsakanin rumfar da jikin motar kuma tampol ɗin ya fara baƙi baƙi yana wari. Toh ni sana'ata kenan a nan Damagaram, ɗinkin tampol da haɗa ƙarafan rumfa, na fi shekara 20 a ciki, kuma irin taka sun sha zuwa hannuna, mafi yawansu bayan sun riga sun karye.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, wannan rumfar ta inuwa ce, dan rana aka yi ta. Ko Fiamma ce ko Thule ko Dometic, su kansu masu ƙera ta haka suke rubutawa a takardar da ke zuwa da ita, cewa in iska ta taso ko ruwa yayi ƙarfi a naɗe. Kuma ka tuna a can Turai suka faɗi haka, inda ruwansu yawanci yayyafi ne yake wuni yana zuba a hankali. Mu namu ba haka yake zuwa ba, kai ma ka sani. Ruwan da Damagaram ke samu duk shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, amma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne ya fi yawa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai sai ya turo iska da ƙura a gaba. Wanda ya ga daminar 2024 da har tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ya faɗi a farkon Satumba ba sai an tsaya yi mishi bayanin ƙarfin ruwanmu ba. Saboda haka in kace min "ruwa" ni sai na tambaye ka wane, dan kala biyu ne kuma hukuncinsu ba ɗaya bane.

Bari in fara da ruwan kanshi tukunna kafin iska. Lissafin mai sauƙi ne, milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, lita 1 kuma kilo 1. Rumfa irin taka a ce tsawon mita 3 fita mita 2 da rabi, murabba'in mita 7 da rabi kenan, in aka yi ruwa milimita 30 wanda a Agusta ba abin mamaki bane, lita 225 ne zasu bi ta kanta, ya fi tano guda cike, ban ma saka wanda ke gangarowa daga rufin motar ya zubo mata ba. In duk yana wucewa yana zuba ƙasa ba komai. Matsalar sai ya samu wurin tsayawa. Tampol da ya tsufa yana saki a tsakiya, ruwa kaɗan ya taru ya danna shi, wurin ya ƙara zurfi, wani ruwan ya ƙara taruwa, haka haka cikin minti kaɗan kaga tumbi ya sauko kamar cikin saniya, bido biyu na lita 25 kawai kilo 50 ne rataye a kan hannuwan alminiyam masu riƙe rumfar da ba'a yi su dan ɗaukar kaya ba. Ko bata karye a ranar ba tampol ɗin ya riga ya miƙe a wurin kuma ba ya komawa, gobe da ɗan yayyafi ma nan zai taru.

Maganin wannan gangara ce. Ƙafafu biyun nan na gaba ana ƙara musu tsawo ana ragewa, to ka sauke ɗaya ƙasa da ɗaya kamar taƙi guda ko fiye, har in ka tsaya daga nesa ka ganta a karkace ƙarara, kar ka ji kunya wai bata yi kyau ba. Wadda zaka sauke itace ta nesa da ƙofa, kuma ka duba ƙasa ina ta gangara dan kar ruwan ya zuba ya dawo maka ƙarƙashin tabarma. Sannan in ka gama kafa ƙafafun ka mayar da manibel baya kaɗan har tampol ya ɗaure, in ka buga da hannu ka ji shi tamau. Akwai wani ƙarfe da ake sawa a tsakiya daga akwatin da rumfar ke naɗewa a ciki zuwa gaba ya tokare tampol, in taka bata zo da shi ba mai walda zai yi maka da tiyo marar nauyi, ka naɗe bakinshi da roba dan kar ya huda. Kuma ba dole ka fito da ita duka ba, in ruwa ake ka fito da rabi, ƙarfinta ya fi haka kuma ruwan da take tarewa ya ragu. In kuma ka waiga kaga tumbi ya riga ya yi, kar ka soke shi da sanda, na ɗinke tampol da yawa da sanda ko tsintsiya ta fasa, sauke ƙafa ɗaya a hankali ruwan ya bi ta can, ko ka tura da tafin hannu biyu daga gefen da ya fi tudu.

Yanzu iska, wadda itace ainihin maganar. Wlh a cikin rumfuna goma da aka kawo min a karye, zan iya cewa kusan duka iska ce ta kashe su ba ruwa ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, zafi yayi yawa iska ta tsaya cak, gabas tayi ja ko tayi baƙi, sai ka ji wani sanyi sanyi da ƙamshin ƙasa, to daga nan abin da ya rage maka mintuna ne. Iskar gaban hadari ba a hankali take ƙaruwa ba, bugu ɗaya take yi. Kuma ƙarfin da iska ke danna abu da shi ba daidai da gudunta yake tafiya ba, in gudun ya ninka biyu ƙarfin ninkawa huɗu yake. Iska mai gudun kilomita 60 a awa tana iya danna kusan kilo 17 a kan kowane murabba'in mita in ta same shi gaba da gaba, lissafa da faɗin rumfarka kaga sama da kilo 100, kuma daga ƙasa take shiga ta ɗaga sama, alhali ƙafafun an yi su ne dan su tokare abin da ke danno ƙasa, ba su da abin da zasu riƙe in an ja su sama. Shi yasa kake ganin ta tashi ta kifa kan rufin mota, hannuwan su lanƙwashe, wani lokacin ta fasa gilashin sama ko fanon sola in akwai.

Abin da ya fi bani tausayi ba rumfar bace, jikin motar ne. Bangon irin waɗannan motocin ba ƙarfe bane kamar na kamiyo, falle ne siriri na alminiyam ko fiba a waje, soso mai tauri a tsakiya, katako siriri a ciki. In iska ta fizgi rumfa bulo ɗin, wato notunan da suka riƙe akwatin, sai su yago bangon. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min tashi shekarun baya, a hanyar Tanut ya kwana ya bar ta a buɗe dan yaranshi na kwance a ƙarƙashi saboda zafi, cikin dare hadari ya taso, Allah ya kiyaye ba wanda ƙarfe ya buga, amma akwatin gaba ɗaya ya fita da guntun bango, na iya ɗinka mishi tampol na miƙe ƙafa ɗaya, hannuwan kam ba su gyaru ba dan alminiyam in ya lanƙwashe ka miƙe shi tsagewa yake, kuma kayan gyaransu ba'a samu a kasuwar Dole, sai an aika waje an jira. Tun daga ranar duk wanda ya zo wurina ina ce mishi abu biyu, kar ka kwana da ita a buɗe daga Yuni har ƙarshen Satumba ko da sama tayi garau da taurari, kuma kar ka bar ta a buɗe ka tafi sallah ko cin abinci nesa sai in akwai wanda ya iya naɗewa a wurin. Hadarinmu da yawa da marece ko tsakar dare yake zuwa.

Ɗaurewa na taimakawa amma ka san iyakarta. Turakun da ke zuwa da ita ƴan gajeru ne na ciyawar Turai, a rairayinmu yaro ma zai zare su da hannu, balle in ƙasa ta jiƙe ta saki. Ka sa a yanko maka rodi mai kaurin milimita 12 tsawon kamar santimita 50 zuwa 60, a lanƙwasa kan, ka kafa shi a karkace kanshi na kallon waje, ka ɗauko ɗamarar ɗaure kaya irin ta masu kamiyo ka ɗaura daga kusurwar gaba zuwa turken, a tsakani ka sa zoben roba da aka yanko daga tsohon tub na taya dan in iska ta fizga ya ɗan bada kai, in ba haka ba duk bugun a kan ƙarfen yake ƙarewa. In wurin dutse ne ko tsakuwa kamar wasu wurare a nan cikin gari da turke baya shiga, buhu biyu cike da rairayi ko bido cike da ruwa a kowace ƙafa. A jigawa mai laushi sosai kuma ka haƙa rami ka binne buhun da igiya a jiki, ya fi kowane turke. Amma duk wannan dan iskar yau da kullum ne, wadda ke kaɗawa daga kudu maso yamma da damina. Iskar gaban hadari ba'a ɗaure mata, naɗewa ake. Wani lokacin ma ɗaurin ke cutar mutum, dan ya ɗaure da ƙulli goma, hadari ya taso yana ta fama da kwancewa. Yi ɗaurin da zaka saki da ja ɗaya.

Kuma nan ne matsalarka kai ɗan kasuwa take, dan na san me zaka yi, zaka rataye atamfa a jikin ƙarfen gaba, ka ɗaura igiya daga ƙafa zuwa ƙafa ka jera shadda, ka zagaye gefe da zani. Rumfar da ba komai a jikinta minti biyu ya isa ka naɗe, wadda aka yi wa ado da kaya kuwa kwatan awa ma bai isa ba, ga mutane sun cika ƙarƙashi kowa na gudun ƙura ba wanda zai matsa maka. Dan Allah kar ka rataya mata komai, yi wa kayanka nasu ƙarfen daban mai tsayuwa da ƙafarshi wanda mutum biyu zasu ɗaga su shigar mota. Kuma kai da yaronka ku gwada a gida tun yanzu, wa ke kwashe kaya, wa ke sakin ɗamara, wa ke riƙe ƙarfen gaba lokacin da ake naɗe ƙafafu, dan wannan lokacin da ƙafafu suka bar ƙasa ita kuma bata gama shiga ba shine mafi hatsari, ba'a fafe gora ranar tafiya. Manibel ɗin ma ya samu wurin ajiya guda ɗaya wanda kowa ya sani.

Yadda kake tsayar da motar ma yana da tasiri. In daga Faransa ko Beljiyam ko Jamus ta fito rumfar na hannun dama, to ka sa hancin motar ya kalli kudu, rumfa ta koma yamma kenan, jikin motar ya tare maka gabas. Ba zai hana iskar zagayowa ba amma bugun farko motar ce zata sha, ka samu ɗan lokaci. Kar ka fake ƙarƙashin babban icce, dogon yaro reshenshi na karyewa da iska, gawo kuma da damina ma ba ganye gare shi ba balle ya tare maka wani abu, ga tsawa. In ana walƙiya da tsawa kusa kar kowa ya tsaya riƙe da ƙafar rumfa, ƙarfe ne, ku shiga gini in akwai, in babu ku shiga gaban motar wurin direba ku rufe. Kuma kar ka yada zango cikin kori ko bakin tabki dan kaga rairayi mai kyau a bushe, ruwan da aka yi a wani gari can shi ke zuwa ya same ka.

To yaushe zaka iya buɗewa cikin ruwa? In iskar gaba ta wuce, ƙura ta kwanta, ruwan ya koma zuba tsaye a hankali, wanda wani lokacin yakan ɗau awa biyu uku, ko irin markar Agusta da ake wuni ana yayyafi ba iska, wannan buɗe abinka, rabi ko fiye kaɗan, a karkace, a ɗaure, kana wurin. Nan kam zata yi maka aiki sosai. Har ma ka sa bokiti a kusurwar da ka sauke ka tari ruwa, mu mutanen Damagaram ba'a koya mana darajar ruwa, sai dai ka bar na farko ya wanke ƙura ya zube, kuma na wanki ne da wanke mota, ban ce a sha ba.

Maganar ɗigar da kace tsakanin rumfa da mota, wannan kusan duka suna yi, dan akwai ɗan tsaga tsakanin akwatin da bango, ruwan rufi na bi ta nan. Asali akwai robar da ake sawa ta rufe wurin, rana ce ta cinye taka. Ka yanko tub na babbar mota dogo ka manna daga bakin rufin ya sauko kan akwatin. Amma kafin nan ka shiga ciki ka danna bangon daidai inda bulo suke, in ka ji laushi ko kaga tabo ko ka ji warin ruɓa to ruwa ya daɗe yana shiga ta ramin bulo, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma katakon da ya ruɓe ba zai riƙe rumfa ba ko iska bata yi ƙarfi ba. Sai an sauke akwatin, a sa falle na ƙarfe mai faɗi daga ciki ya raba nauyin, a toshe ramukan da gam irin Sikaflex. Silikon na banɗaki da ake saidawa ko'ina baya daɗewa a jikin mota, yana ɓarewa ruwa ya bi ta ƙarƙashi kai kana ganin ka toshe.

Baƙi baƙin da warin kuma fumfuna ce. Mafi yawan waɗannan tampol ɗin roba ne, ita robar bata ruɓa, amma ƙurarmu na kwanciya a kai, ruwa ya jiƙa ta ta zama taɓo, ka naɗe a jiƙe cikin akwati mai zafi, kwana uku ya isa. In hadari ya kore ka naɗe ta a jiƙe ba laifi, tsira ta fi, amma washegari da rana ta fito ka buɗe ta bushe sama da ƙasa. Wanki da sabulu da ruwa da burushi mai laushi, ka bar kumfar ta ɗan jiƙa ka ɗauraye. Kar ka sa fetur ko gazuwal, kar ka zuba jabel tsantsa dan yana cin zaren ɗinki, in tabon ya ƙi fita ka tsarma shi da ruwa sosai ka gwada a ɗan lungu tukunna ka ɗauraye da kyau. Wani tabon ba zai fita ba har abada, in dai warin ya tafi ka rabu da shi. Ƙaramar huda kuma manna ta ake ba ɗinki ba, kowane ramin allura hanyar ruwa ce, faci biyu sama da ƙasa, a zagaye kusurwoyin da almakashi dan kar su ɗago. Gaɓoɓin hannuwan ka wanke rairayin kawai, kar ka cika musu giris, rairayi ke mannewa ya koma kamar sanfefa. Kuma kar ka bari wani makanike ya kwance hannun nan ba tare da ya ɗaure shi da igiya ba, akwai sifirin mai ƙarfi a ciki, in ya ƙwace yana karya yatsa ko haƙori.

Wani abu da ban so in manta, in ruwa ya hana ku fita kar ku zagaye rumfa da tampol ku hura gawayi a ciki dan shayi, ko ku tada janareto a ƙarƙashi kusa da taga, hayaƙin da ke kisa ba'a ganinshi ba'a jin warinshi. Wayar wuta ma a ɗage ta daga ƙasa.

Shawarar da ni zan baka tunda kasuwa kake ci da motar kuma damina ba zaka zauna gida ba, ka bar ta turawan nan dan rana, da rani zata yi maka shekaru. Dan ruwa kuma a ɗinka maka tampol mai kauri irin na kamiyo, mita 4 da 3, da zobba a gefe, gefe ɗaya ya maƙale a ƙarfen da za'a ɗaura a saman mota in tana da wurin ɗaure kaya, ɗaya gefen ya sauko ƙasa sosai kan sanduna biyu gajeru, gangara mai kyau kamar rufin kwano. In iska ta zo ka zare sandunan kawai tampol ya faɗo ya rufe kayan da gefen motar ka danne da buhu, in ma ya yage ɗinki ne na yini ɗaya a nan cikin gari, sanda ta karye ka sari wata. Kuɗin duka bai kai na hannu ɗaya na waccan ba.

In zaka shigo gari ran Alhamis cin kasuwa ka biyo da motar da safe kafin rana tayi zafi mu buɗe ta tare in duba bulo ɗin da bangon, in kuma ba hali ka ɗauko min hoton inda akwatin ya haɗu da mota daga waje, da na cikin ɗakin daidai wurin, sannan ka auna min tsawon akwatin da mita.